Rodi a Kan Rufi

A El Alto ba a gama gida.
Ana barin rodi a kan rufi, tsaye, tsirara,
sai ranar da kuɗi suka zo a ɗora wani hawa.
Ni Eulogio Tarqui, shekara talatin da ɗaya ina kwaɓa siminti,
ban taɓa yanke ko ɗaya ba.

Da aka rufe ramin kuza
mahaifina ya kwaso mu a bayan babbar mota,
tukunya biyu, bargo,
da tarin da ya fito da shi daga ƙarƙashin ƙasa.
Nan fili ne fetal, iska da tsakuwa,
sanyi na gatsa kunne kamar ɓera.
Can cikin kwari La Paz na ƙyalli,
mu muna gefe, ƙuda a bakin ƙwarya.
Da asuba uwata ta gangara wanke musu kaya,
da dare ta hauro da rabin numfashi.

Yau ƙarfe uku na dare wayar Remedios ke haske,
'yata ta biyu,
don a China la'asar ta kusa.
Tana ciniki da mutumin da ba ta taɓa jin warin gidansa ba,
fitila dubu huɗu da zik na jaka.
"Rage mini," take rubutawa,
na'ura ta juya shi zuwa harshensa.
Kaya su yi kwana arba'in a ruwa,
su sauka Arica, tashar wasu,
mu ko taki ɗaya na bakin teku ba mu da shi,
sannan su hauro tsauni a kan tirela,
direba na tauna ganye kada barci ya sace shi.

Alhamis da Lahadi kasuwa takan haɗiye tituna.
Ga injin mota daga Japan wanda ya taɓa mutuwa sau ɗaya,
ga rigunan sanyi da wani ya gaji da su a wata nahiya,
gefe kuma wata tsohuwa da tulin busasshen dankali,
ba ta kiran kowa.

Na gina wa Casimira Callisaya bene hawa shida,
kore shar da ruwan goro.
Ƙasa shaguna, tsakiya zauren rawa,
can ƙoli ɗan gidan da take kwana daf da gajimare.
Lemo take talla a faranti lokacin da na san ta.
Bankin da ya hana ta kujera
yanzu shi ke aiko mata kalanda.

Amma kada bakina ya yi ƙarya.
Bara dala ta ɓuya,
kwantena ta yi wata biyu a tasha tana cin kuɗin ajiya,
Remedios ta sayar da 'yan kunnen aurenta, ba ta gaya mini ba,
kunnen ne ya gaya mini.
Anselmo baduku ya rufe shago,
takalmin roba ya fi zarensa araha,
yanzu kiran fasinja yake yi a ƙofar bas.
Ƙanƙarar kan tsauni na ja da baya kamar sumar goshina,
famfo ya yi tari, ya yi tari, ya yi shiru.
Zanen aro ne, na sani,
kuma kataranmu a waje take.

Jiya na shiga akwatin nan da ke tafiya a kan igiya,
ni da jikata Nayra.
Muka bi ta saman rufin gidajen da uwata ta yi wa wanki,
ƙanana ne ashe.
Da muka juyo, garinmu ya taso mana, ja wur da bulo,
sai ta ce, "Kaka, me ya sa gidanmu ke da ƙaho?"

Ban ba ta amsa ba.
Da yamma na hau rufi da kwalabe takwas,
na kifa kowace a kan bakin rodi
don kada ruwan sama ya sa masa tsatsa
kafin ta girma.